Damben Illa da Hamani a Shekarar Fari

A watan nan aminina Illa ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Allah ya jiƙan shi. Waɗanda suka san shi a ƙarshen rayuwarsa tsohon direban kamyo, wato babbar motar kaya, suka sani, dattijo marar yawan magana da ke zama ƙofar gidansa a unguwar Kalley. Ni tun muna samari na san shi, ina mushen lakkol, wato malamin makaranta, shi yana damben turawa, kuma ina wurin ranar da ya kara da Hamani na Harobanda, unguwar da ke ƙetaren kogi, a kan kambun ƙasa.

Ba don fari ba, da ba su haɗu ba. Illa ya fi Hamani nauyi, ajinsu daban. Amma a shekarar da soji suka karɓi mulki, dangin Illa suka kwararo daga ƙauyukan Tawa bayan dabbobinsu sun ƙare, suka cika gidan mahaifinsa har zaure. Ya koma cin abinci sau ɗaya a yini, wani lokaci ma ya tura wa yara kwanonsa. Da aka ɗora shi a sikeli, sai ga shi ya faɗo ajin Hamani, Bazabarme mai saurin hannu, wanda kambun ke wurinsa.

Na ce masa, "Illa, da yunwa za ka hau?"

Ya ce, "Mushe, shi ma ai ba a Faransa yake cin abinci ba."

Bayan la'asar aka yi damben, mutane kaɗan ne suka zo. Hankalin gari yana kan rabon hatsi, masu son wasa kuma kokowa suka fi so. Ko hoto ba wanda ya ɗauka. Da farko Hamani ya wahalar da shi, har sai da gwiwar Illa ta taɓa ƙasa. Ya miƙe, ya daina neman fuska, ya koma haƙarƙari, yana matsa shi sannu a hankali. A zagayen ƙarshe da ƙyar suke ɗaga hannu, mu ma muka bar ihu, ana jin numfashinsu. Alƙalai suka ba Illa da ɗan rinjaye. Su biyun suka zauna a ƙasa, suka sha ruwa a buta ɗaya.

An yi wa wanda ya ci alkawarin zuwa gasa a waje, amma aka soke tafiyar saboda halin da ƙasa ke ciki. Illa bai yi ƙorafi ba. Ya sami aikin tuƙa motar hatsin agaji zuwa arewa, bai sake hawa dambe ba. Hamani ya sake zama zakaran ƙasa, ya yi wasa a Abijan da Dakar, ya ci an ci shi, ya dawo da kunne ɗaya a toshe, ya buɗe wurin horar da yara a bayan gidansa. Kowace babbar Salla Illa yakan ƙetare gada ya kai masa cinyar rago.

Nakan tambayi kaina me Illa zai ce da zamanin nan, da yara ke kallon damben duniya a waya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne jikarsa Nana, wadda yanzu take koyon dambe wurin Hamani. Mahaifinta ya ƙi da farko, sai da Hamani ya dogaro sandarsa har gida ya roƙe shi. Illa mutum ne mai tsanani a kan ƴaƴa mata. Ina jin da zai yi kwana biyu yana gunaguni, sannan ya je ya tsaya bayan katanga yana leƙe.

Ba wanda ya san inda kambun Illa ya shiga. Amma yaran da suka ci daga kwanonsa sun girma, wasu ma suna da jikoki, kuma ba su daina zuwa gaishe da matarsa ba.

Makon jiya na je Harobanda. Hamani na kan kujera, yana magana da ƙarfi saboda kunnen. Ya nuna mini Nana ya ce, "Mushe, dubi yadda take sauke kafaɗar hagu kafin ta kai naushi. Ba ni na koya mata ba."

Na ce, "To gyara mata mana."

Ya girgiza kai. "Bar ta. Da wannan kafaɗar kakanta ya raba ni da kambuna."