Wadda Ta Yi Wa Goshina Hanya Zuwa Ƙasa

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, ina zaune a bakin gado ina murza ƙwallon roba da tafin ƙafa kamar yadda kika umarce ni, mai gidana ya shigo da waya a hannu ya tsaya a kaina. Sai da na tambaye shi ko lafiya sannan ya ce, "Malamar gashin ƙashinki ce. Allah Ya karɓi abarsa da asuba." Na Allah muke, komawarmu kuma gare Shi take. An ce zazzaɓi ne ya kwantar da ke, bai ɗauki lokaci ba.

Ban san ki a gida ba, ban san ƙuruciyarki ba, don haka ba zan faɗi abin da ban gani ba. A asibiti na san ki, ina kwance kamar itace.

Ciwona ya fara ne da abin da ban ɗauka komai ba. Yatsun ƙafata suka riƙa yi kamar tururuwa na yawo a cikinsu, silifas ya riƙa zame min ban sani ba. Kafin mako ya zagayo na kasa tsayuwa, abin ya hau har hannu, cokali ya gagare ni. Likitoci suka ce garkuwar jikina ce ta juyo ta afka wa jijiyoyina, tana ɓare musu riga kamar yadda ɓera ke ɓare wayar lantarki. Magani ya tsayar da hawan ciwon, amma ya bar ni da jikin da ba ya jin kirana, da raɗaɗin da ko zanen gado ya taɓa ni sai in ji kamar garwashi.

Kowa ya zo duba ni "sannu" yake cewa, Allah Ya saka musu. Ke kuwa da kika shigo, kujera kika jawo kika ce, "Malama, wane iri ne? Ƙuna, ko suka, ko tsami?"

Raina ya ɗan sosu. Na ce, "Ciwo ai ciwo ne, 'yar nan."

Kika ce, "A'a, kowanne da halinsa. Ki saurare shi, gobe ki ba ni labari."

Don kada in yi miki ƙarya na fara saurare. Sai ga shi na gano na safe daban, na yamma daban, na ƙauri ba irin na tafin ƙafa ba ne. Ban ce ciwon ya ragu ba. Amma wanda ke leƙen abu ba ya samun sararin jin tsoronsa sosai, tsoron ne ya ragu. Ranar da na ce miki sukar ta sauko daga gwiwa zuwa ƙauri, kin yi murna kamar an yi miki albishir, kika ce wani lokaci haka jijiya ke yi in tana farfaɗowa. A ɗakin gashin ƙashi ana kiranki Mai Tambaya. Wani dattijo direba da ke koyon tafiya tsakanin ƙarafa biyu yakan ce, "Ga 'yar sandar nan ta iso, kowa ya shirya bayaninsa."

Wata rana kika tambaye ni abin da na fi kewa. Ina jin kin zaci zan ce tafiya ko girki. Na ce sujada. Watanni ina salla a kwance da ishara, daga baya a kujera.

Kika ce, "Kin fi ni karatu, kin san an yi wa marar lafiya rangwame."

Na ce, "Na sani, kuma na gode wa Mai rangwamen. Goshina ne ke kewar ƙasa."

Kika ƙura wa ƙafafuna ido. Washegari kika zo kina dariya tun daga ƙofa. Kika ce, "Malama, kin jawo min. Jiya a la'asar na tsaya lura da gaɓar da ke ɗaukar nauyi in mutum zai sauka sujada, har na rasa ko uku na yi ko huɗu. Na dai ƙara ɗaya."

Na ce, "To ba'adi ya hau kanki. Kuma in za ki sake binciken nan, ki bari sai kin sallame."

Kika ce, "Na ji. Amma kin san me na gano? Babban yatsan ƙafa. Shekara da shekaru ina salla ban taɓa gode masa ba."

Daga ranar kika rarraba min sujada gaɓa-gaɓa. Tanƙwara yatsun ƙafa aiki guda, dafa ƙasa da tafin hannu aiki guda, durƙuso aiki guda. Kika tara filo a kan katifar motsa jiki, in durƙusa in ɗora goshi a kan na sama, in jiki ya saba ki zare ɗaya. Na roƙe ki a kawar da katifar daga alƙibla, don kada motsa jiki ya yi min kama da ibada. Kin tambaye ni dalili, kin saurara har ƙarshe, kuma daga nan ko sau ɗaya ban sake tuna miki ba, kafin in iso kin riga kin juya ta. Akwai ranakun da na yi kuka na ce a bar ni da kujerata. Ba ki taɓa ce min in yi haƙuri ba, sai dai ki ce, "A ina ya tsaya yau? Nuna min." Haɗuwarmu ta ƙarshe saura filo ɗaya, kika ce mako mai zuwa za mu gwada babu shi.

Na je gidanku gaisuwa da sandata. Mahaifiyarki ta ce min har a gadon jinya kina tambayar masu duba ki me ya sa wannan ruwan da ake ƙara miki ya fi wancan saurin ɗiga. Na yi murmushi a inda bai kamata ba, ita ma ta yi. Na so in san me kika ji a jikinki a kwanakin nan, wane iri ne, tunda ke kam da kin iya faɗa.

Muna zaune aka kira azahar. Ƙanwarki ta kawo min kujera, na ce ta ba ni darduma kusa da bango. Ban san ko zan iya tashi ba in na sauka, kuma ɗakin cike yake da mata. Na tanƙwara yatsun, na dafa, na durƙusa. Goshina ya taɓa ƙasa. Ashe na manta sanyinta. Na daɗe a nan, ke na yi wa addu'a. Tashin ya yi wuya, sai da na dafa bango, amma na kai raka'a huɗu. Mahaifiyarki ta ga yadda nake haki ta ce, "Baiwar Allah, da kin zauna ai." Na ce mata, "Mama, aikin 'yarki ne, ita ce ba ta samu gani ba."

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, da mijinki, da 'ya'yanki, da ƙannenki, da abokan aikinki, da mu marasa lafiyarki da kika bari a tsakiyar hanya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya raya abin da kika bari cikin shiriya. Allah Ya jiƙanki, Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Duk sujadar da Ya ƙaddara min daga yau har ranar tawa tafiyar, ina roƙonSa Ya rubuta miki lada a cikinta. Amin.