Ƙafar Alhaji Buba

Ba na mantawa da wata safiya cikin azumin shekarar korona, ina aikin jinya a cibiyar killace masu cutar a Dutse. Saura mini shekara biyu in yi ritaya a lokacin. Mu kaɗan ne, muna fama cikin rigunan leda gumi har cikin takalmi, amma ban taɓa aiki da mutanen da suka riƙe juna irin waɗannan ba. Wallahi ina kewarsu.

Shugabarmu Hajiya Talatu ce, muna ce mata Matiron. Tun ina sabon ma'aikaci na san ta da faɗa, tsufa kuma bai rage mata komai ba.

A gado na huɗu akwai Alhaji Buba, wani dattijo mai shanu daga Miga. Ya kwana goma ana ba shi iskar numfashi, ya fara samun sauƙi har yana tsokanata wai na yi kama da buhun taki. Ran nan da na zo auna shi ya ce, "Ɗana, sharaɓar nan ta hagu ta dame ni. Taimaka ka matsa mini."

Mu da aka rena da matsa wa iyaye ƙafa, wa zai tsaya tunani? Ga shi ba a barin 'ya'yansa su shigo. Na durƙusa, na ɗora hannu ke nan sai na ji muryar Matiron daga bakin ƙofa.

"Malam Sani, ɗauke hannunka!"

Ta zo ta sa na taɓa ƙafafun biyu. Ta hagu ta fi zafi, ta kumbura, fatar har tana ƙyalli. Ta ja ni gefe ta ce, "Cutar nan idan ta yi tsanani tana sa jini ya daskare a jijiya. Ka matsa, gudan jinin ya ɓalle, sai huhu. Kai da ka kusa ritaya zan koya wa wannan?"

Na ji kunya ƙwarai. Aka kira likita, ya duba, ya rubuta allurar tsinka jini, ya ce kada kowa ya murza ƙafar.

Alhaji kuwa ya yi fushi. "An hana ni ganin iyalina, yanzu tausar ma ta gagara? To ni zan yi da kaina." Ya kai hannu, na riƙe shi. Na ce, "Baffa, jinin ne ya kama a ciki, kamar yadda nono ke kamawa a ƙwarya. Idan aka dama shi, gudajin zai tafi ya toshe numfashi." Ya janye hannunsa, sannan ya ce, "To, a bar shi ya kwanta."

Bayan mako uku aka sallame shi, ya fita da ƙafarsa yana dogara sanda.

Abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin shi ne, a ran nan da na tashi daga aiki na zauna a kan babur ɗina na kasa tayar da shi. Shekarar da aka ƙirƙiro jihar nan mahaifina ya yi doguwar jinyar karaya a Taura. Ƙafarsa ta kumbura, kullum da safe ni ke matsa masa yana sa mini albarka. Wata rana ya ce ƙirjinsa na ciwo, kafin azahar ya cika. Ko hannuna ne, ko ba shi ba ne, Allah kaɗai Ya sani.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka shigo aikin yanzu: mutanenmu za su roƙe ku tausa, kuma zuciyarku za ta so. Ku fara duba ƙafar tukuna. Ni ba wanda ya ce mini in duba.