Ƙarfen da Na Liƙa a Cikin Caja

Abin da na fara lura da shi a shagon Kawu a Unguwar Mu'azu shi ne, duk wanda ya zo sayen caja sai ya ɗora ta a tafin hannu ya auna. In ta yi nauyi, ya ce orijinal ce. In ba nauyi, ya ajiye ya yi gaba. A lokacin ina aji huɗu na sakandare, ba ni da magana, ko malami ya kira sunana sai in sunkuyar da kai. An turo ni ne in taya Kawu zaman shago lokacin hutu.

Cajojinsa masu araha ne, na batiran nan dogaye da ake sa wa fitila da ƙaramar fanka, kuma sakayau suke kamar kwalin ashana. Ni da bakina na gaya masa dalilin da ya sa ba a saye. Ya yi dariya har da tafi, ya ce ashe shiru-shirun nan akwai kai. Washegari ya kawo guntayen ƙarfe daga wajen masu walda, da gam, da sitika mai alkawarin caji cikin sauri.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin aikin nan sosai. In buɗe, in liƙa ƙarfe, in rufe, ko tabo ba a gani. Sai in laɓe bayan kanta ina kallon babban mutum yana auna aikina yana gyaɗa kai, zuciyata na tsalle. Ba a taɓa yabona haka ba. Amma na ji mai gyaran rediyo na kusa da mu yana cewa caja ta ƙwarai tana yanke wuta da kanta in batir ya cika. Tamu sai dai ta yi ta ɗura masa. Na taɓa batir a kanta, na ji shi zau kamar dankali daga murhu. Duk da haka na ci gaba da liƙi.

Ana nan sai ga Rahila, wadda muke zama benci ɗaya a aji, ta zo neman cajar fitilar karatunta. Ta ce, "Ke bebiya, zaɓo mini mai kyau." Kawu na kallona. Na miƙa mata wadda sitikarta ta fi zama daidai.

Wata Asabar da rana aka kawo wuta. Rahila ta jona cajar a kan katifa ta fita ɗibar ruwa, ƙaninta jariri yana barci a gefe. Da ta dawo ta tarar batir ya kumbura yana huci, soso ya fara hayaƙi. Ta cafe shi da hannun dama ta wurga waje. Yaron ya tsira, tafin hannunta ya ƙone. Mahaifinta ya fasa cajar, ƙarfena ya faɗo, ya kai mu ƙara.

A ofishin 'yan sanda wata 'yar sanda ta tambaya wa ya yi wannan liƙi mai kyau haka. Na ce ni ce. Kawu ya tafi gidan yari. Ni aka tsare ni a wani ɗaki mai warin fitsari, daga baya aka damƙa ni hannun Baba saboda ƙarancin shekaru. Na yi kuka, na tuba.

'Yan'uwana yara, nauyi ba shi ne inganci ba. Kada ku yi caji a kan katifa, kuma in batir ya ɗau zafi ku cire shi nan take. In aka yabe ku a kan abin da kuka san cuta ne, ku bar wurin.

Da aka koma makaranta gefen bencina ya zauna babu kowa, ga jarabawa ta matso. Na yi ta maza na tafi gidan su Rahila a Mahuta. Mamanta ta buɗe ƙofa. Rahila na zaune da bandeji, tana fama da biro a hannun hagu. Ta harare ni ta ce ashe na san hanyar gidansu.

Na durƙusa. Na ce, "Mama, don Allah ki bar ni in riƙa zuwa kullum bayan an tashi. Rahila ta riƙa faɗa, ni in rubuta mata, har hannun ya warke."