Aka Ce Haƙori Ne

Shekarun baya, tun kafin a fara zancen kawo babban birnin ƙasa nan, na zauna a Durumi. Ba Durumin da kuka sani yau ba. Ƙauyen manoman Gbagyi ne, ɗakunan ciyawa da rumbuna, ga gonakin doya har gindin duwatsu. Ban daɗe da gama karatun aikin gona ba aka turo ni malamin gona. Na zo da maiɗakina da 'yarmu ta fari, daga baya mahaifiyata ta biyo mu. Ina jin farkon shekarun saba'in ne, amma kada ku riƙe ni a kan shekara.

Yarinyar sunan mahaifiyata ta ci, don haka "uwata" nake ce mata. Lokacin ta kusa shekara uku. Ni kuwa tun asali mutum ne mai fargaba. Ruwan shanta sai an tafasa, ba ta kwana sai a gidan sauro, takalminta sai na kakkaɓe saboda kunama. Mahaifiyata takan ce ko ƙuda ne ya sauka a goshin yarinyar sai na je na buɗe littafi, kuma ba ta yi mini ƙage sosai ba. Amma zancen baki bai taɓa shiga lissafin kowa ba a gidan. Mu manya muna da asuwaki. Yara kuwa haƙoransu na nono ne, za su zube wasu su fito, don haka ba wanda yake leƙawa.

Da bazara ƙyanda ta shigo ƙauyen, ta kama yara gida gida, har ta iso kanmu. Mahaifiyata ba ta yarda a ambaci sunan cutar, sai dai a ce baƙon dauro. Kuma baƙon yana da dokokinsa. Ba a yi wa yaro wanka, ba a goge masa fuska, ko bakinsa ba a kuskure masa, don kada ƙurajen su koma ciki su kashe shi. Ba nama, ba ƙwai, ba mai, sai kunu tsararo. Na yi musu a kan abincin, har aka bar ni ina ba ta nonon da wata Bafulatana take kawo mana. A kan ruwa kuwa mahaifiyata ta kafe. Ta ce ta raini yara, ta binne wasu, kuma ɗaya daga cikin waɗanda ta binne wanka aka yi masa yana cikin baƙon dauro.

Ƙurajen suka bushe, muka yi hamdala. Sai dai yarinyar ba ta koma cin abinci ba. Yawu yana ta zuba, hannunta kullum a baki, in an kai cokali sai ta kau da kai tana kuka. Da na ɗaga leɓenta na ga dasashin ya yi ja ya kumbura, ana taɓawa jini na fita, ga wani ɗan wari. Mahaifiyata ta duba ta ce haƙori ne. A wancan zamani kusan duk abin da ya sami ƙaramin yaro haƙori ne: zawo haƙori ne, zazzaɓi haƙori ne, rigima ma haƙori ne. Na ce ina tsammanin haƙoranta sun gama fitowa. Ta ce na can ciki sun rage, kuma su suka fi wahalar da yaro. Gaskiyar magana, ban san yadda haƙoran yaro suke fitowa ba. Na san tsutsar da ke cin doya da sunanta na Turanci. Ɗan littafin taimakon gaggawa da nake da shi ya yi bayanin saran maciji da ƙuna da karaya, bai ce komai ba a kan baki.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, aka tura ni rangadin rabon takin zamani a ƙauyukan kewaye. Na tafi raina ba daɗi. Da na dawo, maiɗakina ta tare ni tun a zaure, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, an tsaga mata."

Wanzami aka kira, ya sa aska ya tsaga dasashin don ya buɗe wa haƙorin hanya, ya barbaɗa wani gari. Haka ake yi, kuma ba da mugunta ba. Tun daga bakin ƙofar ɗaki na ji warin. Ba irin na da ba ne. Duk wanda ya taɓa jin wannan wari ba zai manta da shi ba, ni ma ba zan kwatanta muku ba. Kumatunta na hagu ya kumbura ya yi tauri yana sheƙi, a tsakiyarsa akwai wani ɗigon baƙi kamar ƙwayar dawa. Da safe na sake dubawa, ya kai kan babban yatsa.

Na sami mahaifiyata a tsakar gida tana dama kunu. Na durƙusa na ce, "Inna, zan kai ta asibiti."

Ta ajiye ludayin. "Yarinyar da ta tashi daga baƙon dauro za ka fitar cikin iska da ruwan sama? In ta cika a hanya fa?"

"In ta cika a hanya, a hannuna ta cika. Amma zan kai ta."

Ban taɓa mayar mata da magana irin haka ba. Ta dube ni. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, ta cire mayafinta mai kauri ta naɗe yarinyar da shi, ta miƙo mini.

Asibiti yana garin Abuja na da, wanda yau ake kira Suleja. Kafin a kai hanyar mota sai an ƙetare rafi, rafin kuwa ya kawo ruwa saboda ruwan da aka yi. Ni ban iya ruwa ba. Maƙwabcina, wani manomin Gbagyi da muke gaisawa kullum a bakin rumbunsa, ya gan mu ni da maiɗakina mun fito da yarinyar, ya ajiye fartanya ya biyo mu. A bakin rafin ya ga na tsaya cak, ya ce da irin Hausarsa, "Malam, kai ka riƙe takalminka. Yarinya, ba ni shi." Ya ɗora ta a kafaɗa ya shiga, ruwa har ƙirjinsa, ya ƙetare ya kwantar da ita a gaɓa, ya dawo ya riƙo hannun maiɗakina, sannan ya ja ni kamar akuya. A hanya muka sami motar kaya ta 'yan kasuwa. Ina tuna yadda mutanen cikin motar suka riƙa matsawa nesa da mu suna toshe hanci, kuma ban ga laifinsu ba.

Malamar asibitin tana buɗe bakin yarinyar ta fita da sauri ta kira likita. Aka fara yi mata allura, ana wanke bakin da ruwan gishiri, ana ɗura mata madara da cokali. Likitan ya ce cutar daga dasashi take farawa, a bakin yaron da ƙyanda da rashin abinci suka raunana, kuma ba a tsabtace masa baki. Ya ce da tun lokacin da dasashin ya fara jini ake wanke shi da ruwan ɗumi da gishiri, aka kuma kawo ta, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Na tambaye shi ko tsagar wanzami ce ta jawo. Ya ce ciwon ya riga tsagar, amma tsagar ba ta taimaka ba. Wannan amsar na kai wa mahaifiyata, rabinta na farko kawai.

Allurar ta tsayar da ciwon, amma naman da ya mutu ya riga ya mutu. Baƙin ya ɓare ya faɗi, ya tafi da haƙoran wannan gefen da ɗan guntun ƙashi. In ta yi kuka ana ganin harshenta ta kumatu. Wani yaro da aka kawo bayanmu da irin ciwon bai fita daga ɗakin ba da rai.

Bayan mun koma gida mahaifiyata ce ta karɓi ciyar da ita. Kunu yakan zubo ta ramin, sai ta sa tafin hannunta ta tare, ta ci gaba da ba ta tana lallashi. Safe da yamma takan naɗa tsumma mai tsabta a yatsa, ta tsoma a ruwan gishiri, ta goge mata bakin. Haka ta yi wa ƙannen yarinyar da aka haifa daga baya, har ta rasu. Ban sake jin ta ce da wani ciwo haƙori ne ba. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba, domin ban ga wanda zai ba wani ba a cikinmu.

Uwata tana raye. An yi mata aiki bayan ta girma, an rufe ramin, amma bakinta ba ya buɗewa sosai har yau, kuma da gefe ɗaya take tauna. Tana da jikoki. Inda gidanmu yake a Durumi kuwa, na je na nema na kasa ganewa.

Ni ba likita ba ne, kuma ba na so na faɗi abin da ya fi ƙarfina. Abin da zan iya cewa shi ne, ku riƙa ɗaga leɓen yaranku kuna dubawa, musamman in suna kwance ba lafiya. Ku goge musu baki ko da haƙori ɗaya ne ya fito. In dasashi yana jini ko yana wari, kada ku jira. Mai yiwuwa haƙori ne, amma a bar mai asibiti ya faɗa. Jikokina suna gudu in sun gan ni na miƙo hannu, suna cewa Kaka zai leƙa baki, iyayensu suna dariya. Ina bari su yi dariyar, sannan in leƙa.

Abin da ya fi zauna mini a rai ba asibitin ba ne. Lokacin da sa'o'in uwata suka fara famfara, suna rufe giɓi da hannu don an ce in ƙadangare ya gani haƙori ba zai fito ba, wata rana ta same ni ina gyaran keke. Ta tsuguna kusa da ni, ta taɓa kumatunta, ta ce, "Baba, ni ƙadangare ne ya ga nawa?"

Na ce mata a'a, uwata, ba ƙadangare ba ne. Ta tsaya tana jiran sauran maganar. Na ci gaba da juya ƙafar keken.