Abin da Ya Saura a Kaset ɗin Inna

Duk dogon hutun damina mahaifinmu yakan saka mu a mota daga Gusau, ni da ƙanwata Hadiza, a kai mu Kekun Waje wurin mahaifiyarsa, Inna Tumba. Gaskiya ni ban taɓa son zuwan ba. Babu lantarki, babu abokaina, ga sauro kamar an aiko shi. Abin da kawai ke rage mini zafi shi ne bayan an ci tuwo, lokacin da Inna za ta tura itace biyu a murhun ƙofar ɗakinta, ta jera ɗanyar masara a gefen garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta buga ƙasa da sandarta ta ce, "Ku gyara, baƙuwa ta iso." Mu kuma mu ce, "Mun ba ta tabarma."

Shekarar da na shiga aji biyu na sakandare yayana ya tafi karatu, ya bar mini rikodarsa. A lokacin waƙoƙin hip-hop na ƙasar waje sun gama shiga kaina. Ko kalma goma ban ji cikin abin da mawaƙan nan ke faɗa, amma bakina yana bin nasu tiryan-tiryan. In wani ya samo sabon kaset, sai mu haɗa rikoda biyu baki da baki, mu rufe ƙofa, kowa ya kama numfashinsa har a gama ɗauka. Akwai waƙar da na yi shekara ina ji da kukan akuyar maƙwabta a tsakiyarta, har ya zama in na ji ta babu akuyar sai in ga kamar ba ta cika ba. Da biro muke mayar da zare baya don kada batir ya ƙare.

Da hutu ya zo na tafi ƙauye da rikodar a hammata. Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Angona, wanga akwati mai surutu shi ne lefen nawa?" Na ce mata yana iya kama muryar mutum ya ajiye. Ta ce ƙarya nake. Don in ƙure ta, daren nan na saka sabon kaset guda da nake da shi, na aje rikodar kusa da ƙafarta, na danna jan maɓallin.

Ta ba mu labarin wata yarinya da ubanta zai yi tafiya mai nisa, ya bar mata gora cike da irin gero, ya ce kada ta taɓa sai ruwa ya sauka. Ana nan sai mai zuma ya shigo garin yana ba duk wanda ya zo da mazubi. Yarinya ta duba ɗaki, babu abin zubawa sai goran nan. Ta juye irin a faifai, ta ce in ta dawo za ta kwashe. Kafin ta dawo kaji sun yi abin da suka saba. Ta sha zumarta ta ƙare, ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka. Ta zauna tana wanke gora tana kuka, sai ta ga ƙwaya ɗaya maƙale a wuyansa.

Daga nan ban san abin da ya faru ba. Hankalina yana kan zaren da ke ƙarewa da ɗan jan hasken da ya fara dusashewa. Na ce ai ba komai, yana ciki.

Da muka koma Gusau na rubuta INNA a jikin kaset ɗin, na ɓalle ɗan kunnen da ke bayansa, domin in an ɓalle shi rikoda ba ta yarda a yi ɗauka a kai. Ban saurare shi ba, na bar shi sai na samu lokaci. Bayan wata biyu Nura, ɗan ajinmu da ke zuwa daga Tsafe, ya zo da wani kaset da direban motar Legas ya ara masa. Ya ce motar direban za ta tashi bayan la'asar, dole ya mayar masa kafin nan. Na birkice ɗaki, babu kaset ɗin da babu komai a kai, sauran kuma duk waƙoƙin da ba zan iya rabuwa da su ba ne. Na ɗauki na Inna. Na yagi takarda daga littafin lissafi, na dunƙule, na cusa a ramin kunnen da ni da kaina na ɓalle, na ɗauki waƙoƙin a kan muryarta. Na ce a raina Inna tana nan, in hutu ya zo ta sake.

Ta rasu bayan an gama girbi.

Na jefa kaset ɗin cikin akwatin littattafai, ban ƙara jin waƙoƙin ba. Yau shekaru sun ja. Gidan na Kekun Waje babu kowa, hanyar ma ba ta biyuwa yadda mutum ya ga dama. Waɗanda muka zauna a bakin wutar nan sun watse, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Na taɓa kiran Hadiza na tambaye ta ƙarshen labarin, ta ce ita barci ya kwashe ta tun wurin mai zuma. Akwai kaɗaici a ce kai kaɗai ka riƙe rabin abu, babu wanda za ka je wa da shi.

Bara na ci karo da kaset ɗin, takardar tana nan a raminta. Na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwa, ya karkaɗe wata tsohuwar rikoda ya saka mini. Na zauna a bencinsa ganguna suna dukan kunnena, ina jin kunyar furfurata. Da waƙar ƙarshe ta mutu na miƙa hannu zan kashe, kamar yadda na saba don tsimin batir. Dattijon ya ce, "Dakata, Malam, da sauran zare."

Sai ga ƙarar itace a wuta. Sai tarin Inna.

"Angona, ni kake saurare ko akwatin ga? To hwaɗa mini, mi yarinyar ta yi da ƙwayar?"

Wata siririyar murya, tawa, ta ce, "Inna, ai yana ciki. Zan ji daga baya."

Ta yi dariya. "To, Allah shi kai mu bayan."

Maɓallin ya ɗago da kansa. Dattijon ya juya yana neman wani abu a cikin kwalinsa har na gama share fuskata.

Da ina yaro na ɗauka labarin kwaɗayi ne, irin wanda ake ba yara don su bar lasar miya. Yanzu ina ganin ba zumar ce ta cuci yarinyar ba. Abin da ya cuce ta shi ne da ta ce in ta dawo za ta kwashe. Ran nan na ba 'yata labarin, na buga ƙasa na ce baƙuwa ta iso, na kai ta har wurin ƙwayar da ke wuyan gora. Ta ce, "Baba, sai me ya faru?" Na so in ƙirƙiro mata wani abu, na kasa. Na ce mata ban sani ba, ranar ban saurara ba.