Koriyar Kwalba a Zauren Kawu

Wata Asabar ce bayan la'asar, a zauren Kawu a Argungu. Mu uku ne: Kawu, da ni, da ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda ya dawo daga Abuja bayan ya yi shekaru yana haɗa wa baƙi abin sha a wani otal. Ni na ɗauko shi daga Birnin Kebbi. Kawu yana da shago a can unguwar Gesse da ya daɗe a rufe, ɗan'uwana kuma yana so a ba shi ya riƙa sayar da gasasshen kifi da abin sha mai sanyi, ya zauna gida kusa da mahaifiyarsa.

An kawo kifi, giwan ruwa gasasshe da albasa da yaji. Ɗan'uwana ya buɗe kula ya fito da wata koriyar kwalba mai kafaɗa, an kankare takardar jikinta. Irinta ce masu zuma ke amfani da ita a kasuwa. Kowa ya san abin da take ɗauke da shi kafin ta zo hannun mai zuma, sai dai ba a faɗa.

Ya zuba mana a kofuna, ya sa ƙanƙara da yankan kokwamba. Na kurɓa. Ɗaci ne ya fara zuwa, sai ƙamshin ɓawon lemo, daga baya citta ta taso a maƙogwaro. Da na bi shi da lomar kifi, maiƙon ya wanke daga bakina tas. Abin ya yi daɗi, kuma daɗin ne ya sa na ajiye kofin.

Kawu bai taɓa nasa ba. Ya ce, "Mi ka zuba ciki?"

"Ɓawon lemun tsami, Kawu, da citta, da kanumfari, da 'ya'yan wani itace da ake kawowa daga waje. Babu ɗigon giya. Akwai wata giya da ake kira jin, baƙin otal na son ta da kifi. Ɗanɗanonta kawai na kwaikwaya."

Kawu ya tsiyaya kaɗan a cokali, ya ƙyasta ashana ya kara. Bai kama ba.

"Kun gani ko, Kawu?"

"Na gani. Ya yi kama da waccan ɗin?"

"Sak. Ba mai bambancewa."

Kawu ya dube shi. Ɗan'uwana ya yi saurin cewa da hanci yake aiki, bai taɓa kai ta baki ba.

"To," in ji Kawu. "Innarka ma da hanci taka jin gishirin miya?"

Ba wanda ya yi dariya. Ni ma na tuna yadda ɗan'uwana ya lumshe ido lokacin da ya kurɓi nasa, kamar mai gwada abu da wani abin da ya sani.

Ɗan'uwana ya haddace Alƙur'ani tun yana ƙarami, don haka duk ranar da ya zo, shi Kawu ke turawa gaba a sallah. Da aka kira magariba muka yi alwala, ya matsa wajen da ya saba tsayawa. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ja mu."

A hanyar komawa ɗan'uwana ya ce, "Yaya, kai ka yarda da ni?" Na ce masa ashana dai ba ta kama ba.

Bayan ƙaramar Sallah Kawu ya ba wani tela shagon. Ɗan'uwana ya koma Abuja.