Yadda Sudakano Ya Samu Suna

Jiya ina wucewa ta unguwar Kudai, nan ƙasa mai tsarki, ƙamshin miyar kuka ya buge ni, sai da na tsaya. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma akwai kalma guda da na san asalinta, don a gabana aka haife ta.

Ina yaro, a gidanmu na unguwar Nakkasa, can kan dutse, tsofaffi biyu ne. Kaka, uwar Baba, Bakanuwa ce, da ƙafa ta zo aikin hajji, ta zauna. Uwar Inna kuwa a Sudan ta girma, Habboba muke ce mata. Ita kisra take yi, wato waina mai faɗi, siririya kamar mayafi. Kaka ba ta san komai ba sai tuwo da miya.

Wata shekara a Arfa, ana tsakar rana mai narka ƙwaƙwalwa, garin tuwon Kaka ya ƙare, alhazai na tsaye suna jiran sayen abinci. Sai ta zuba miyarta a kan kisrar Habboba. Aka lashe akushi. Har mun koma gida mutane na hawa dutse suna neman abincin.

Nan rigima ta tashi. Habboba ta ce abincin Sudan ne. Kaka ta ce idan aka kira miyarta da sunan wata ƙasa, za ta bi ayarin masu komawa Kano. Ba wasa take ba, har ta ɗaure tsummokaranta. Ni da nake kwana a bayanta, na daina cin abinci.

Baba ya zauna tsakaninsu, ya ce, "Sunansa Sudakano. Kalas, magana ta ƙare."

Kaka ta ce, "Kai, ɗan nan, ni za ka sa a baya?"

Ya ce, "Kisra ake fara shimfiɗawa. Wa ke hawa kanta?"

Kaka ta dubi Habboba. "Kin ji ko, Hajiya? Kano ce a sama."

"Ki zauna a saman, tsohuwa, ni nake ɗauke da ke."

Da yamma ta kwance kayanta.

Yanzu an rushe gidan, hanyar mota ta bi ta kai. 'Ya'yana Larabci ya cinye bakinsu, amma ranar Juma'a sai sun ce wa uwarsu Sudakano suke so. Sun ɗauka kalmar Larabci ce. Na gaji da gyara musu. Tsofaffin nan biyu suna kwance a maƙabarta ɗaya, kuma har yau tare ake kiransu.